Ranar da Walƙiya Ta Hau Matab

Duk wanda ya zauna Madain Fahd a tsakiyar shekarun casa'in bai san Muhandis Isha'aku Ubale ba, to ya sake duba iƙamarsa, wato takardar izinin zamansa, wataƙila a wani garin ya zauna ba Jidda ba. Mutum ne da Allah ya ba ilimin mota ba tare da ya wahalar da shi da makaranta ba. Ya daɗe yana aiki a wani kantin kayan gyaran mota a Sharafiyya, kuma babu injiniyan da ya taɓa shiga kantin nan sai ta hannunsa, domin shi ne mai buɗe ƙofa. Daga bakin ƙofar ya riƙa jin sunayen ƙarafa, ya haddace su, ya wayi gari ya naɗa kansa Muhandis, wato injiniya. Mu 'yan lungu ba mu yi musu ba, tunda shayinsa akwai madara.

Aikinsa na farko a fagen injiniyanci ba mota ba ne, tudu ne. Ya lura masu mota na wucewa ta ƙofar gidansa da la'asar ba sa ko rage gudu, alhali ga shi zaune kan kujera, da farar jallabiya da carbi. Abin ya hana shi sukuni. Sai ya sayo siminti ya gina matab, irin tudun nan da ake girkawa a titi don direba ya taka birki. Na sauran unguwanni ɗan doro ne kawai, nasa kuwa ya fi kama da kunyar doya a gonar ƙarfaffa. Ya ce saboda yara ya yi. Yaran a can ƙarshen layi suke wasansu, amma cikin ikon Allah tudun daidai ƙafar kujerarsa ya faɗo. Daga ranar kowane direba sai ya tsaya, Muhandis ya ɗaga masa hannu ya amsa gaisuwar da ba a yi masa ba.

Sannan Walƙiya ta zo. Tsohuwar motar Amurka ce ƙirar farkon shekarun saba'in, ƙofa biyu, dogon hanci, silinda takwas. A makabartar motoci ya tono ta, ya sa aka yi mata jan fenti. In ya tayar da ita da safe, tagogin lungu sai sun yi rawa, masu jego su yi ta Allah ya isa a cikin ɗaki. Matarsa Lubabatu ba ta taɓa sanin laushin kujerar motar ba. In za ta Bab Makka sayen atamfa, tasi take tara, saboda Muhandis ya ce turaren mata na ɓata fatar kujera.

Wata rana ya tara mu ya yi jawabi.

"Ya jama'a, jahili ne ke tambayar gudun mota. Kowace jaka tana gudu. Mu a handasa, wato injiniyanci, abu biyu muke dubawa, zama da tsayuwa. Yaya take zama a ƙasa, yaya take tsayawa in an ce tsaya. Wannan ilimi ne, ba na kowa ba ne, halas, magana ta ƙare."

Muka ce haka ne. Ya kai ta wani gareji, wurin wani makaniki da ya gane tun ranar farko cewa kalma ɗaya ce ke buɗe zuciyar mai motar. Muhandis ya ce a cire dogayen sifirin a sa gajeru, makaniki ya ce, "Sah, ya Muhandis," wato daidai ne. Ya ce a sa shokazoba masu tauri irin na motocin tsere, aka ce sah. Ya ce a fitar da tsohon birkin nan mai kama da tukunya a sa na faifai a ƙafafu huɗu, aka ce sah. Da aka sauke motar ya zagaya ta, ya tsuguna, ya rufe ido ɗaya, ya ce har yanzu akwai iska tsakaninta da ƙasa, a ƙara rage sifirin. Da cewa ya yi a sa mata ƙaho, sah ɗin dai zai ji.

Da ta dawo lungu, kyanwoyin da suka saba kwana a inuwar ƙarƙashinta suka zo, suka leƙa, suka ga babu hanya, suka koma gindin bola. Ita ma Walƙiya ba ta shigo da sauƙi ba. Sai da Muhandis ya karkace ta, ya hau matab a gicciye, taya ɗaya bayan ɗaya, cikinta na ƙugi a kan siminti. Muka toshe kunne. Shi kuwa ya leƙo ta taga yana murmushi.

"Gaisawa suke yi. Ai duka biyun aikina ne."

Shi kaɗai ne a ciki ranar, kuma kullum shi kaɗai ne.

Abu ɗaya ya rage wa Muhandis a duniya, shi ne shaida. Mu 'yan lungu mun gani, amma mu ba Gumel za mu ba, kuma a Gumel ne ake tuna shi yana tallan rake. Sai ga Gwaggo Dela ta zo aikin Hajji. Ƙanwar mahaifinsa ce, ita ta raine shi bayan uwarsa ta rasu, ta goya shi tana dakan fura. Tun da ya tsallako teku ko ɗankwali bai aika mata ba, saboda manyan ayyuka sun yi masa yawa. Da aka gama Hajji aka tara alhazai a sansanin filin jirgi suna jiran komawa, sai ya je ya ɗauko ta a tasi, ya ce dole ta kwana biyu a gidan ɗanta ta ga abin da Allah ya yi.

Jami'in alhazansu ya ja masa kunne a gabanta. Jirginsu shi ne na ƙarshe, ranar Alhamis zai tashi, wanda bai dawo sansani da azahar ba an bar shi ke nan. Gwaggo ta ji wannan da kyau. Ta san wanda jirgi ya bari takari ya zama, mai zaman ɓuya ba takarda, yana jin jiniya yana shiga bayan ƙofa. A gida kuma ta bar jikoki marayu uku a hannun maƙwabciya, ga damina ta ƙarato ba a share gona ba. Tun daren Laraba ta ɗaure kayanta ta zauna a kai. Tsoro take ji, kuma ba ta ɓoye ba.

To a Jidda ba a tafiya gida hannu biyu. Da an ji wani zai tashi, kowa sai ya tuna yana da uwa. Hantsi bai yi ba ƙofar Muhandis ta cika da saƙo, mai bargo, mai dabino, mai filas, wata ma da kan keken ɗinki za a kai wa 'yarta Maigatari. Ga jarkokin zamzam na Gwaggo, ga wasu da aka haɗa ta da su amana. Lubabatu ta leƙo ta labule ta ce, "Baban Rafi'u, kayan nan fa sun yi yawa." Hamidou, wani mutumin Zinder mai raba tukwanen gas a 'yar ƙaramar akori-kura, ya ce ai shi ma ta wajen zai bi, a zuba masa kayan a baya.

Muhandis ya dube shi tun daga silifa har hula.

"Uwata a bayan motar gas? Ni Isha'aku ina raye? Ku kawo, ya jama'a, kowa ya kawo. Walƙiya ba ta san nauyi ba. Shokazobar da ke ƙarƙashinta, da za a ɗora mata wannan benen, sai dai ta tambaya ina za a kai."

Aka cika but har sai da aka ɗaure shi da igiya. Aka cika kujerar baya har rufi. Duk jarkar da aka ɗora, Walƙiya sai ta ƙara rusunawa, kamar mai gaida surukai. Gwaggo ta shiga gaba ta rungume jakarta, tana duban rana.

"Shaku, mu tafi mana."

"Hajiya, sabur, a yi haƙuri. Tarihi ake yi."

Tarihin shi ne Souleymane mai hoto, wanda aka ɗauko takanas da kyamararsa mai tofo hoto nan take. An tsayar da shi gefen matab. Tsarin Muhandis shi ne, Walƙiya za ta taho, ta hau tudu, ya taka sabon birki a daidai ƙololuwa, ya ɗaga hannu, a ɗauka. Hoto ɗaya, aiki biyu, Gwaggo ta kai Gumel a rataye a zaure. Kafin nan sai da ya yi wa jama'a bayanin bambancin birkin faifai da na tukunya, ya maimaita da Larabci saboda yaran da aka haifa a nan. Ya koma ciki ya sake rawani, don na farkon bai dace da jan fenti ba.

Ya shiga, ya ba ta wuta, lungu ya girgiza. Yau ba ranar hawa a gicciye ba ce, ana kallo. Ya nufi matab kai tsaye. Tayoyin gaba suka haye, ya take birki da dukkan ƙarfinsa.

Gaskiya dai a faɗe ta, birkin nan ya yi aiki. Motar ta tsaya cak. Kayan baya ne ba a gaya musu za a tsaya ba. Wata jarkar zamzam ta taho ta gaisa da ƙeyar Muhandis, rawani ya faɗa kan sitiyari. Cikin Walƙiya ya sauka a kan siminti da wata irin ƙara, salansa ta ɓalle ta kwanta a titi. Ya sa giya ya taka totur. Tayoyin baya suka yi ta juyawa suna shafar ƙasa, hayaƙi ya turnuƙe, mota ba ta motsa ko taƙi ɗaya ba. Ya sa ribas, haka. Aikinsa na farko ya rungume na biyu, sun ƙi rabuwa.

Maza suka taso za su tura.

"Kada wanda ya taɓa min fenti! Wannan ba matsala ba ce, daidaituwa take yi."

Aka ce to a sauke kayan ta yi sauƙi. Ya ce sam, sauke kaya a gaban jama'a cin mutuncin shokazoba ne. Ya fito ya durƙusa, ya cusa kai ƙarƙashin mota iyakar inda zai shiga, wanda ba nisa ba ne, tunda ko kyanwa ta gaza. Yana nan a haka ladanin masallacin lungu ya gyara murya a lasifika zai kira azahar.

Gwaggo Dela ta buɗe ƙofa da kanta ta sauko.

"Shaku, na goya ka daga Gumel har kasuwar Maigatari da ƙwaryar fura a kaina, ban taɓa tsayawa a hanya don a kalle ni ba. Yaran nan uku ba su da kowa sai ni. In jirgin nan ya tashi, kai za ka je ka dafa musu tuwo?"

Daga ƙarƙashin mota aka ji ana cewa minti biyar kawai.

Ba ta sake kallonsa ba. Ta yafito Hamidou, wanda motarsa ke ɗaya gefen tudun. Lubabatu ta yafa mayafi ta fito, matan lungu suka biyo ta, suka yi ta zaro kaya daga cikin Walƙiya suna miƙawa, babu wadda ta damu da fenti. Souleymane kuwa an ɗauko shi ne ya ɗauki hoto a kan matab, kuma mutum ne mai cika alkawari. Kyamara ta tofo takarda. Ga jar mota a ɗane kan tudu, ga salansa a yashe, ga Muhandis ba kai, sai bayan jallabiya yana duban sama. Gwaggo ta karɓa, ta duba da kyau, ta soke a lalitarta. Ta hau gaban motar gas, tukwane na kaɗawa a baya, suka tafi.

Hamidou ya ce ana kiran sunanta a karo na ƙarshe suka isa. Ta shiga jirgi tana kuka tana hamdala.

Walƙiya sai bayan la'asar aka ciro ta da jak da katakai. Da yamma Muhandis ya zauna kan kujerarsa da ƙulu a ƙeya, ya bayyana mana cewa zamzam ya fi ruwan duniya nauyi saboda albarka, kuma ba a ƙera shokazoba da lissafin albarka ba. Muka ce haka ne, muka sha shayi.

Burinsa dai ya cika, Gumel ta ji labari. Da Hajji ya zagayo, sai ga alhazan garin su shida sun sauka daga tasi a bakin lungu suna tambayar gidan ɗan Dela. Muhandis ya shiga ciki da sauri ya sako sabon rawani, ya fito ya jingina da Walƙiya, hannu ɗaya a kan rufinta. Suka gaishe shi sama-sama, suka wuce shi, suka zagaye matab. Wani dattijo ya shafa simintin ya ce lallai shi ne, ga ma inda motar ta karce. Suka jera a kai, biyu suka tsuguna a gaba. Ƙaraminsu ya zo ya miƙa wa Muhandis kyamara.

"Malam, taimaka ka ɗauke mu. Ka ɗan ja baya, tudun ya fito sosai."