Ranar Da Na Kayar Da Surukina

Ba zan taɓa mantawa da Juma'ar da na zubar da girmana da hannuna a tsakiyar falona ba. Kuma tun kafin ku fara ba ni haƙuri, bari in faɗa muku, ban tuba ba. Kunya dai na ji ta, har yau in na tuna sai na ja mayafi na rufe fuska ko da ni kaɗai ce a ɗaki. Amma tuba, a'a.

Ni mutuniyar gida ce. Tun da aka kawo ni Hayin Banki, in ka cire kasuwar Kawo da gidan biki da gidan rasuwa, ba inda nake zuwa. Boko kuwa aji huɗu na yi a firamare. Abin da Allah ya ba ni kunne ne. Ina kicin nake gane ko mai ruwa ne ya tsaya a ƙofa ko mai gawayi, daga ƙarar kurarsa kawai. Tukunya in ta kusa kamawa, ni ba ƙauri nake jira ba, muryarta ce take canzawa.

To, Ummi 'yata ta fari (ba shi ne sunanta na yanka ba, wancan ba ya fitowa daga bakina) ta haifi ɗa namiji, ta dawo gida wankan jego. Mijinta ma'aikacin gwamnati ne, a Unguwar Dosa suke, gidansu kaf 'yan boko ne. Mahaifiyarsa, Hajiya, shugabar makaranta ce kafin ta yi ritaya, irin matan nan da in sun dube ka ta saman tabarau sai ka fara laluben laifin da ka yi. Tsakanina da yaron kuwa surukuta ce ta gaske. Shekara biyu da auren, bai taɓa ganin ina cin abinci ba, ban taɓa kama sunansa ba. In ya zo sai ya tsuguna a bakin ƙofar ɗakina, ni ina bayan labule.

"Umma, an wuni lafiya?"

"Lafiya lau. An zo lafiya? Ya aiki?"

Iyakar hirarmu ke nan, kuma ina alfahari da hakan.

A cikin kayan da Ummi ta zo da su akwai wani ɗan akwati mai wayoyi. Na ce wannan fa? Ta ce, "Umma, gem ɗinsa ne. In na bar masa shi a gida, sai arba'in ta cika bai leƙo mu ba. Yanzu kuwa kullum zai zo, ko ba don mu ba."

Na ce, "Allah ya shirya. Ƙato da gemu yana wasan yara." (Ku riƙe wannan maganar tawa, za ku buƙace ta.)

Ranar Asabar abin ya fara. Na gama yi mata wankan safe da ganyen darbejiya, ta sha kunun kanwa, jariri ya yi barci, aka kawo wuta. Zaman ya ishe ta, sai ta haɗa akwatin da talabijin ta miƙo mini hannun gem ɗin, wani abu kamar ƙahon rago an cika shi da maɓallai. Ta ce, "Umma, riƙe mini wannan, ki dinga dannawa kawai, in samu wanda zan daka."

Wasan faɗa ne. Kowa ya zaɓi ɗan dambensa, a sake ku a fili, wanda jininsa ya riga ƙarewa ya faɗi. Ita ta ɗauki wani dogo mai shuri, wai shi ne na mijinta. Ni na ɗauki wani gajere mai tumbi saboda ya yi mini kama da mai naman bakin layinmu, na raɗa masa Lukuti. Kafin in gano ina ne gaba ina ne baya, Lukuti yana ƙasa. Ummi ta yi dariya har tana riƙe ciki. Na ce a sake. Ya sake faɗuwa. Na ce a sake.

Yarinyar da na goya, nake dafa wa ruwan wanka safe da yamma, ita ce take kayar da ni tana dariya. Wannan ne ban iya haɗiyewa ba.

Lahadi ma kashi na sha har la'asar. Ranar Litinin ne Allah ya buɗe mini. Idona ba ya iya bin abin da ake yi a talabijin ɗin, komai walƙiya yake yi, sai na ɗan lumshe don in huta. Nan na ji. Ashe duk lokacin da Dogo zai kawo shurin nan nasa na sama, sai ya ja numfashi tukuna, wani ɗan "hup" ƙasa-ƙasa. In na ƙasa zai kawo, takalminsa ne yake ƙara. Na daina kallo sosai, na koma sauraro. Ya ce hup, na tare. Ya sake cewa hup, na tare, na ɗirka masa naushi a ciki. Ummi ta daina dariya.

Talata na ƙure murya don in ji da kyau, jariri ya farka yana tsala kuka, sai Ummi ta ɗauko abin sawa a kunne na mijin nata, mai soso, wanda yake rufe kunnuwa ruf, ta ɗora mini a kan ɗankwali. Duniya ta ɗauke, sai ni da Dogo. Laraba babban yatsana ya kumbura, na ce wa maƙwabciyata Maman Grace ɓarar gyaɗa ce. A ranar ce kuma tuwo ya kama a karon farko a rayuwar aurena, don ba na jin muryar tukunya. Malam maigidana ya ci, sai dai ya daɗe yana kallona.

Duk wannan ina yi ne da lissafi. Mijin Ummi sai bayan la'asar yake zuwa in ya tashi daga aiki, don haka da an kira salla nake tattare komai, in shige bayan labulena, in zama Umma mai kamun kai.

Ranar Alhamis Ummi ta nuna mini tallan sababbin wasannin faɗa da za su fito, a wayarta. Na zauna na kalla da kyau kamar mai zaɓen atamfa. Akwai wanda ake faɗan da takubba, wannan bai burge ni ba, in kai namiji ne ajiye ƙarfen ka zo. Akwai wanda wai mutum biyu za ka riƙe, in ɗaya ya gaji ɗayan ya shigo, na ce wannan da ɗan ma'ana, ko a daka ana karɓar juna. Wanda ya ɓata mini rai shi ne wanda aka ce an sauƙaƙa, maɓalli ɗaya za ka danna ɗan damben ya yi komai da kansa. To ni da na kumbura yatsa fa, a banza? Sannan matan da ke ciki, don Allah wa ya cinye musu kuɗin yadi? Mace za ta fita faɗa da ɗan ƙyallen da bai isa tace koko ba. Kuma duk cikinsu babu ɗan dambe ko ɗaya mai naɗin zare a hannu, babu mai kiɗa a gefe, babu tsohuwa da muciya. Na ce wa Ummi su dai yi duk abin da za su yi, amma kada wanda ya cire wa Dogo wannan hup ɗin.

Sai Juma'a. Abin da na manta shi ne ranar Juma'a daga masallaci ma'aikaci yake wucewa inda zai je, ba ya jiran la'asar.

Ina zaune a ƙasa dab da talabijin saboda idona, na ba ƙofa baya, kunnuwana a rufe. Ummi tana kan kujera a bayana. Na cinye ta sau uku. Abin da ban sani ba (daga baya aka ba ni labari) shi ne mijinta ya yi sallama har sau biyu, ya shigo, ya gan ni, ya tsuguna zai gaishe ni ya rasa ta inda zai fara. Daidai nan jariri ya motsa, shaiɗaniyar yarinyar nan ta cusa masa hannun gem ɗin, ta ɗora yatsa a baki, ta koma gefe.

Ni dai na ji Dogo ya canza. Ya daina ruɗewa, yana jira, yana yaudara. Kunnena ya gaya mini wannan ba hannun Ummi ba ne. Na ji, wallahi na ji. Amma girman kai ya hana ni waigawa. Zagaye na farko ya kayar da Lukuti.

Na ce, "Au, kunun kanwar ya fara aiki ke nan? Wa ya koya miki wannan, mijin naki?"

Wanda ya taɓa sa abin nan a kunne ya san ba ka jin muryarka. Ni a ganina raɗa nake yi. Maman Grace ta ce tana shanya a gidanta ta ji komai.

Zagaye na biyu na gyara zama. Hup, na tare. Hup, na tare. Na kwantar da shi. Na ce, "Iyakar abin da ya koya mikin ke nan? Shurin kaza. Ki gaya masa Umma ta ce ya zo da kansa, in shimfiɗe shi a gaban ɗansa."

Na uku ya yi zafi. Jininmu duka saura kaɗan. Ya yi tsalle, na ji hup, na duƙa, na ɗauke shi da naushi ɗaya. Dogo ya zube. Na miƙe tsaye na ɗaga hannu sama kamar ɗan dambe a fage, na ce, "Ina yake? A kira mini shi!" Kuma na kama sunansa, sunan yanka, ƙarara. (Ba zan maimaita a nan ba, sau ɗaya ya isa.) Wayar abin kunnen ta fizge, ta tafi da ɗankwalina, na juyo da kitson da ya kwana uku yana neman tsifa.

Ga shi a tsugune, da farar shadda da hula, hannun gem a hannunsa, idonsa a kan kafet. A bakin ƙofa kuma ga Hajiya, riƙe da kular farfesun mai jego, tana dubana ta saman tabarau.

Shi ne ya fara magana, kansa a ƙasa. "Umma, an wuni lafiya?"

Ban san lokacin da na isa bayan labule ba. Ko ɗankwalin ban ɗauka ba.

Ina ciki ina jin komai, kunnen da ya ci amanata ya dawo aiki. Ummi tana dariya a cikin filo. Hajiya ta ajiye kula, ta zauna, ta ce a hankali, "Ashe haka ake jego a Hayin Banki." Sannan ta ce wa ɗanta, "Kai kuma tattara wannan abin ka sa a mota. Ya isa haka."

Na ji ya fara zare waya. Da na yi shiru, da shi ke nan, an wuce wurin, in zauna da kunyata. Amma na tuna kashin da na sha ranar Asabar da Lahadi, na dubi yatsana. Mutuncin dai ya riga ya zube, ba zan haɗa da Lukuti ba.

Na ce daga bayan labule, "Hajiya, sannu da zuwa. Akwatin nan dai kayan mai jego ne, tare suka zo. Ba inda zai je sai arba'in ta cika."

Ya dakata da zare wayar. Can Hajiya ta ce, "Wai tsaya. Da gaske cinye ka ta yi, ko ƙyale ta ka yi don ladabi?"

Ya ce, "Hajiya, na so in ƙyale ta. Ban samu dama ba."

Sai na ji wani sauti da ban taɓa ji daga bakin matar nan ba, dariya ta hanci. Ta ce, "Shekara nawa ina fama da kai a kan abin nan, ashe ko iyawa ba ka yi ba. Mayar musu da wayarsu."

Da za su tafi ya zo ya tsuguna a bakin ƙofata kamar kullum. Ya yi sallamar tafiya, sannan ya ce, "Umma, don Allah, ta yaya ake gane shurin nan kafin ya zo?"

Na ce, "A gaida gida."

Washegari na sa Malam ya kafa ƙusa biyu, na ɗaura igiya tun daga saman talabijin har bangon baya, na rataya tsohon zanen gado. Shi yana wancan gefen, ni ina wannan, kowa yana ganin talabijin, ba mai ganin wani. Ba na kama sunansa, ba ya ganin fuskata, surukuta tana nan daram. In na kayar da shi sai in ce, "An yi ƙoƙari." In ya kayar da ni ya ce, "A yi haƙuri, Umma." Bai cika samun dalilin ba da haƙurin ba.

Arba'in ta cika, akwatin ya koma Unguwar Dosa, amma duk Juma'a yana zuwa gaisuwa tare da mai shi. Kwanan nan ya aiko Ummi ta gaya mini wai sabon nan na mutum biyu zai fito bayan Babbar Salla, kuma a can ba zan sha ba. Na ce ta gaya masa ya riƙe mutum huɗu in ya ga dama.

Abin da na koya ɗaya ne, kuma ba shi ne wai tsohuwa ta bar wasan yara ba. Kafin ki ɗaga hannu ki yi kirari, waiga ki ga wanda ke bayanki, kuma ki ɗaure ɗankwalinki da kyau.