Tsakin da Na Ja wa Maraƙin Hauwa

Ko zan manta da komai na zaman Dubai, ban da Asabar ɗin da bakina ya jawo mini alƙalanci.

Ni ma'aikacin sito ne a Jebel Ali, amma kullum hirata ita ce a kara na tashi, mahaifina dillalin shanu ne. (Gaskiya ne, sai dai ni riƙon igiya ne aikina.) Abokina Dakta Sani likitan dabbobi ne a wata gona a bayan gari, inda ake ba yaran ma'aikata maruƙa su yi kiwo, ƙarshen shekara a yi gasa. Da alƙalinsu ya kwanta rashin lafiya, sai Daktan ya kira ni in maye gurbinsa.

"Yalla, maza, ɗan dillali, zo ka nuna mana. Faɗin baya za ka duba, da cikar cinya, da tsayuwar ƙafa. Khalas, shi ke nan."

Na sha babbar riga, aka maƙala mini abin magana a wuya. Ina zagayawa ina yabo sama-sama, har na iso kan wani jan maraƙi. Tubarkalla! Baya shimfiɗe kamar tabarma. Na Hauwa ne, 'yar Daktan, yarinya 'yar shekara tara da ta yi wata da watanni tana ɗawainiya da shi, ta kuma ƙwallafa rai a kan kofin gasar.

To, a kara ba a yabon dabbar da ake so. Kushe ta ake yi, kar mai ita ya gane ka ƙyasa. Ban san lokacin da jinin gidanmu ya motsa ba. Na matsa gindin wutsiya, na duba haƙora, na ja dogon tsaki.

"Wannan ai ruwa ne ya cika masa ciki. Ƙashi da fata!" Na karkaɗe hannu na juya baya, sak yadda Baba yake yi.

Lasifika ta kai maganar ko'ina. Larabawa da Indiyawan wurin ba sa jin Hausa, amma tsaki ba ya buƙatar tafinta. Hauwa ta rungume wuyan maraƙin ta fashe da kuka.

"Baffa, me ya yi maka? Ko ɗazu sai da na yi masa wanka!"

Na ji kamar in nutse. Na durƙusa da babbar rigata cikin kashin shanu, ina rantse mata nata ne na ɗaya, a wurinmu haka ake nuna so. Da na sanar da sakamakon, sauran iyaye suka hau gunaguni, wai kuka ne ya ci gasar. Sai da aka nemo wani likitan ya sake dubawa ya tabbatar, sannan ta karɓi kofinta. Ko kallona ba ta yi ba, kuma wallahi ban ga laifinta ba.

Tun daga ranar na ɗauki darasi: abin da ba saye za ka yi ba, in ya yi kyau ka ce ya yi kyau.