Sarkin Ruwa da Sabuwar Shadda

Ni da ko falona ba na son bari, 'yan'uwana direbobin tasi na filin jirgin JFK a Amurka suka ja ni tuƙin kwalekwale a kogi, farkon Afrilu, ƙanƙara tana narkewa.

Mai kwalekwalen ya miƙo min matsattsiyar rigar roba, wai maganin sanyi. Na ce, "Da girmana? Ni fa ɗan Yawuri ne, a bakin ruwa aka yanke min cibi!" Na shiga da sabuwar shaddata.

Igiyar farko ta wurgar da ni. Sanyi ya ratsa ni har haƙora, shadda ta kumbura kamar laima, ina ihu ina kiran Inna. Da wuyan riga aka tsamo ni.

Yanzu ko yayyafi aka fara, sai su leƙo ta tagar mota: "Jama'a, ku riƙe Sarkin Ruwa!"