Yadda Ake Zama Malamin Turanci a Biriketeri da Kalma Ɗaya Tak

Kai da ka sauka Yawunde ta Kamaru daga Najeriya, unguwar Biriketeri ta ɗauka da Turanci aka yaye ka, alhali ko gaisuwa ba ka iya ba: kwantar da hankalinka. Bi matakan nan, na lamunce maka asirinka ba zai tonu ba. Gajere tela ya bi su, ya ga aiki.

1. Zaɓi kalma mai ƙara

Gajere ya tsinci "explode" a bakin mai sharhin ƙwallo. Ma'anarta fashewa, irin ta taya ko tukunyar gas. Shi kuwa ya ɗauka haskawa ce, don a lokacin aka zura ƙwallo. Kada ka tambayi kowa. Tambaya ta ɗalibai ce.

2. Ba ta asali

Masana sun ce daga Latin take: mutanen Rum, in ɗan wasa ya gundure su, da tafi suke korarsa daga dandali. Kada ka wahalar da kanka. Gajere cewa ya yi sunan wani gari ne bayan Legas, majalisar mai tsire kuma ta gyaɗa kai.

3. Kada ka ƙi aikin tafinta

Wata madam 'yar Bamenda, yankin masu Turanci, shugabar ƙungiyar mata, ta zo gwada rigar bikin Ranar Mata, ta ce ita ba ta ciniki da Faransanci. Alhaji Mijinyawa, mai shagon da Gajere ke ɗinki, ya ja shi gefe.

"Ka riƙe mana ita. In ta yaba, ɗinkin ƙungiya duka namu ne. In ta fita da fushi, ka naɗe tabarmarka."

4. Yaba wa mai saye

Madam mace ce mai jiki, rigar kuwa ta kama ta tam. Ta juya gaban madubi, ta tambayi yadda ta yi. Gajere ya washe baki: "Madam, you go explode!"

"Me ka ce mata ta haɗe rai?" in ji Alhaji.

"Yabo ne, Baba Alhaji."

Nan take Faransancin madam ya dawo. "Yaronka ya ce zan fashe!" Ta sunkuya a fusace za ta ɗauki jakarta, ɗinki ya yi ɓarrr, daga hammata har ƙugu. Ta yafa zane ta fice, ɗinkin ƙungiya ya bi ta.

5. Tsaya a kan bakanka

Gajere ya fara naɗe tabarmarsa. Amma kafin la'asar labari ya kai har unguwar Tsinga, wai abin da ya faɗa da Turanci ba ya faɗuwa ƙasa. Alhaji ya shigo zai kore shi, Gajere ya rasa inda zai sa ido, sai ya sauke shi a kan tumbin Alhaji. Alhaji ya dafe cikinsa da hannu biyu.

"A'a, Malam Gajere, kada ka ce komai. Zauna, a kawo maka shayi."

Hattara: riga, taya ko zumunci, duk abin da ya fashe a hannunka babu ruwan marubuci. Mai ƙorafi ya rubuto da Turanci, Gajere ne zai fassara.