Kunnen Duniya

Ruwa ake yi kamar da bakin ƙwarya ranar da babban mawaƙinmu ya fake a shagona na gyaran rediyo, da jitarsa a cikin leda. Allah ya yi wa layinmu gata da wannan bawan nasa. Sauran mawaƙa malami ɗaya suke da shi, shi kuwa duniya kaf ce malamarsa. Da kansa ya raɗa wa kansa Kunnen Duniya. Ba mu yi musu ba, don kunnuwan a bayyane suke, tubarkalla.

Tun daga ranar ya mai da bencina makaranta. Duk rediyon da aka kawo gyara, sai ya riga ni kunnawa. A nan ya sha kiɗan Indiya, da na Larabawa, da na wasu mutane masu busa ƙaho kamar an taka musu ƙafa. Sai dai rediyon da ke hannun mai gyara ba ya zama tasha ɗaya. Ana cikin sarewa sai ya yi shuuu, ya faɗa ganga. Kaset kuma in bel ɗin da ke juya shi ya saki, sai muryar ta ja kamar mai hamma. Gogan yana lumshe ido yana haddacewa, har da shuuu ɗin.

Na taɓa ce masa, "Ɗana, wannan fa ciwon rediyo ne."

Ya dube ni da tausayi. "Baba, kai waya ka sani. Wannan salo ne! A ƙasashen da suka ci gaba, waƙa ba ta tsayawa wuri ɗaya. Ni nahiya biyar ce a jinina."

Na ci gaba da liƙa wayata.

Ana nan sai wani sabon otal ya nemi mai yi wa baƙi kiɗa lokacin abincin rana. Matarsa ta ce wannan ne karo na ƙarshe: in bai samu aikin ba, jita ta koma ƙarƙashin gado. Ya ce, "Mace, otal ɗin za a gwada, ba ni ba."

Ranar gwajin da hantsi sai ga direban otal, wai in zo da kayan aiki, lasifika ta lalace. Na tarar da manaja yana zufa, Kunnen Duniya kuma yana tsakiyar zauren cin abinci. Ya ɗauko Indiya, kafin ta zauna ya yi shuuu da bakinsa, ya faɗa ƙasar Larabawa, sannan ya ja murya ƙasa-ƙasa kamar batir zai mutu.

"Ka ji ko, Baba?" in ji manaja. "Sabuwa ce fa dal!"

Na kwance lasifikar a hankali, ina fatan in ga ko waya ɗaya a tsinke, in rufa wa yaron asiri. Na duba sau biyu. Na hure ƙurar da babu.

"Yallaɓai, ƙalau take."

Manaja ya zare wayar lasifikar daga bango don ya tabbatar. Shuuu ɗin bai tsaya ba.

Jita tana ƙarƙashin gado. Shi kuma yana shagona, ni na ɗauke shi aiki. In na gama gyara sai in kunna masa. Idan ya lumshe ido ya ce ya yi daɗi, sai in sake kwance rediyon.