Mataki na Bakwai

Akwai wani farfesa, Mamuda Zango sunansa, wanda ya shekara ashirin da wani abu bai taɓa majinyaci da hannunsa ba, amma in taro ne a otal, da wuya a riga shi zama. Shi aka ba shugabancin kwamitin da ya tsara manhaja guda ɗaya tak don horar da likitocin da ke son ƙwarewa wajen kula da masu ciwon huhu mai tsanani, irin waɗanda sai na'ura ta yi musu numfashi. Manufar, a faɗarsa, ita ce likitan da aka horar a nan da wanda aka horar a ƙasar Turawa su fito iri ɗaya sak, kamar ƙwai a kiret. Littafin ya fito shafi ɗari huɗu da sha biyu, da hoton Farfesa a bangon baya yana dafe da haɓa. Duk mai son takardar ƙwarewa sai ya haddace shi, sannan wani ɗan kwamiti ya zo takanas ya jarraba shi a bakin gado, ya sa masa hannu.

To, rashin sa'ar Dakta Barira, ita Farfesan ne da kansa ya faɗo a kanta. Shekararta biyar a wani asibitin koyarwa da ba sai na ambaci sunansa ba, tana fama da masu huhu, 'ya'yanta biyu kuwa suna can Gumel wajen mahaifiyarta, sai ƙarshen wata take ganinsu. Sa hannun nan guda ɗaya ne ya rage mata. In ta samu, ta gama, ta koma gida. In ta rasa, sai ta maimaita shekara cur. Kuma labari ya riga ya iso cewa mutum uku Farfesa ya kayar a makon da ya wuce, ɗaya ma don ya faɗi mataki na uku kafin na biyu. Tun da ta ji haka abinci ya daina yi mata daɗi. Littafin nan da shi take kwana, da shi take tashi, har ta fi sanin fuskar Farfesa a kan ta autanta.

Ɗakin da take aiki gado huɗu ne, kowanne da na'urarsa, kuma yana da wata al'ada da babu ita a kowane littafi. Batiran na'urorin sun mutu tun shekara uku da suka wuce, an rubuta takarda an sake rubutawa, shiru. Janareto kuma yakan ɗauki minti takwas ko tara kafin ya tashi, in mai kula da shi yana kusa ke nan. Don haka shugabar ma'aikatan jinya ta ɗakin, Sista Larai, wata gajeriyar mata mai murya kamar ta sajan, ta kafa doka: duk wanda ya shigo ɗakin nan, ko wane ne shi, yana da gadonsa. A kan kowane gado an rataye jakar roba wadda ake matsawa da hannu ta tura wa majinyaci iska. Ana ɗauke wuta, ba tambaya, ba waiwaye, kowa ya ruga gadonsa ya cire bututun na'ura ya haɗa jaka ya hau matsawa. Har Inna Talatu mai goge-goge ta iya, kuma hannunta ya fi na wasu likitocin daidai.

Ranar jarrabawa Farfesa ya iso da hantsi, cikin kwat da ƙamshin turare, manhaja a hammata. Yana shiga ya tsaya ya ƙirga mutane da yatsa.

"Me ya tara jama'a haka? Kasuwa ce? Shafi na talatin da ɗaya: lokacin jarrabawa, daga mai jarrabawa, sai wanda ake jarrabawa, sai ma'aikatan jinya biyu. Sauran kowa ya fita."

Sista Larai ta ce, "Yallaɓai, gado huɗu ne, hannu huɗu muke buƙata."

"Hannu huɗu na me?"

"Ko da za a ɗauke wuta."

Farfesa ya yi wani murmushi irin na mai tausaya wa jahili, ya ce manhaja ta tanadi wannan. Aka fitar da sauran ma'aikata, aka fitar da Inna Talatu da bokitinta. Sista ta bi su da kallo, sannan ta juyo ta raba aiki kamar yadda ta saba: ita na ɗaya, abokiyar aikinta na biyu, Dakta Barira na uku.

"Yallaɓai, tunda ka kori mai na huɗu, na huɗu naka ne. Baba Ilu ke nan, mai goro ne a bakin tasha. Ga jakarsa can a rataye."

Farfesa ya cika ya batse. Ya ce shi jarrabawa ya zo yi, ba gadi ba. Barira dai ta sunkuyar da kai, a ranta tana roƙon Allah Ya sa Sista ta yi shiru haka nan kada ta ja mata.

Aka fara. Ya tambaye ta abin da likita zai yi idan na'urar numfashi ta tsaya, ta zubo masa matakai shida ba gargada. Na farko, kada a firgita, domin batirin na'ura zai riƙe awa biyu. Na biyu, a karanta abin da allon na'ura ya nuna. Na uku, a rubuta lokaci da lambobi a fom. Na huɗu, a bi bututu a duba. Na biyar, a kira injiniya. Na shida, in duk wannan bai yi ba, a koma ga jakar hannu. Tana faɗa tana jin kunyar kanta, don ta san a ɗakin nan matakin farko ma ƙarya ne, amma ba ta zo gyara littafi ba, ta zo neman sa hannu ne. Farfesa sai gyaɗa kai yake yi, yana jin daɗin maganarsa a bakin wani. Har ya cire murfin biro.

Sai ƙit, aka ɗauke wuta.

Fanka ta tsaya, na'urori huɗu suka yi ƙara ɗaya suka mutu. Kafin ka ce me, mata uku sun riga sun kama jakunkunansu, ba abin da kake ji sai fus, fus, fus. Barira ta manta da wata jarrabawa. Sai da ta daidaita numfashin mai gado na uku sannan ta ɗaga kai ta dubi gado na huɗu.

Farfesa na tsaye a kan Baba Ilu, kuma, a yi masa adalci, bai firgita ba, ya cika mataki na farko. Ya gyara tabarau ya leƙa allon na'ura, allo baƙi ƙirin. Ya ƙwanƙwasa shi da yatsa kamar mai sayen kankana.

"Batirin zai kama yanzu," in ji shi.

Sista ta ce, "Babu batir, Yallaɓai! Jaka!"

"Bi da bi, Sista, bi da bi. Ƙarfe nawa yanzu? Ina fom? Wa ya ɗauke mini biro?"

Biron yana hannunsa. Ɗan abin da ake maƙala wa majinyaci a yatsa don auna iskar jini, shi kaɗai ke da batir mai rai, kuma Barira daga inda take tana hango lambar tana gangarowa: tamanin da takwas, tamanin da biyu, saba'in da tara. Leɓen tsoho ya fara canza launi. Farfesa kuwa ya gama shafa bututu, ya kai mataki na biyar, yana tambayar wa ke da lambar injiniya.

Barira ta san abin da zai biyo baya in ta taɓa mutumin nan. Ta tuna Gumel, ta tuna shekara guda, duk a cikin ƙiftawar ido. Sannan ta ɗaga murya:

"Inna Talatu!"

Ashe Inna ba ta je ko'ina ba, tana laɓe a bakin ƙofa da tsummanta, don ita ta fi yarda da dokar Sista a kan shafi na talatin da ɗaya. Ta faɗo ɗakin ta karɓi jakar gado na uku. Barira ta yi tsalle ɗaya, ta sa kafaɗa ta ture Farfesa har manhaja ta faɗi ƙasa, ta fizge bututu ta haɗa jaka ta hau matsawa. Lamba ta tsaya a saba'in da ɗaya, ta yi kamar tana shawara, sannan ta fara hawa. Minti tara cif janareto ya tashi. Baba Ilu ya dawo da launinsa, bai ma san an yi ba.

A ofis, Farfesa ya zauna yana karkaɗe kafaɗar kwat ɗinsa. Barira na tsaye a gabansa.

"Dakta, a baki kin iya. A aikace kin tsallake matakai biyar, kin shigo da mai shara cikin jarrabawa, kin kuma bangaje mai jarrabawa. In kowa zai yi abin da ya ga dama, me ya sa muka wahala muka rubuta manhaja? Ba zan sa hannu ba."

Idon Barira ya ciko. Sai ga Sista Larai ta turo ƙofa ba sallama, da wata takarda a hannu.

"Yallaɓai, a taimaka mini. Shafi na ɗari uku da tara ya ce duk abin da ya faru lokacin jarrabawa a rubuta shi, a aika wa kwamiti gaba ɗaya: wa ke kan wane gado, me ya yi, lamba nawa majinyaci ya sauka. Na cike na ɗaya zuwa na uku. Na huɗu ne ya tsaya mini. In rubuta 'yana neman biro', ko in rubuta 'yana ƙwanƙwasa allo'?"

Farfesa ya dubi takardar, ya dubi Sista, Sista ko gezau. Shi ya rubuta shafin nan da hannunsa, kuma ya san mutum goma sha ɗaya da za su karanta, ya san irin dariyar kowannensu. Can ya yi gyaran murya ya ce, idan aka duba da kyau, ruhin manhaja ya fi harafinta, kuma ba kowane ƙaramin abu ne ake damun kwamiti da shi ba. Ya jawo littafin shaidar horon Barira ya rattaba hannu, har da hatimi. Sista ta ninke takardarta ta sa a aljihu, ba ta yaga ba.

Da ya bar ta haka, da an rabu lafiya. Amma borin kunya bai bar shi ba. Ya miƙe, ya maƙale manhaja a hammata, ya tsaya a bakin ƙofa.

"Duk da haka ku sani, ni ne kaɗai a ɗakin nan na bi tsari. Ina kan mataki na biyar aka ture ni. Da an bar ni, da na kai na shida."

Barira ta rungume littafinta a ƙirji, ta tabbata tawada ta bushe, sannan ta ce, "Da ka kai, ranka ya daɗe. Sai dai da Baba Ilu ya riga ka isa na bakwai."

"Babu mataki na bakwai a manhajata!"

"Akwai, ranka ya daɗe. Shi liman ne ke ja, mu muna sahun baya."