Rasuwar Gagarau, Birnin Kwali na Gidan Mai Agogo

Da zuciya cike maƙil da baƙin ciki, da yatsun da har yanzu busasshen gam bai gama ɓarewa daga jikinsu ba, Mai Agogo na layin bayan kasuwa yake sanar da 'yan'uwa da abokan wasa, har da masu dariya a ɓoye, rasuwar birninsa abin alfaharinsa, Gagarau. Marigayin ya cika ranar Alhamis da rana tsaka, bayan gajeriyar jinya da doguwar tafiya a cikin kurar ɗaukar kaya.

Wanda bai taɓa shiga falon Mai Agogo ba zai iya tambaya: wane ne Gagarau? To, birni ne na kwali, mai ganuwa da hasumiya huɗu da ƙofa guda, wanda faɗinsa ya cinye teburin cin abinci kaf. A kansa ake buga yaƙin 'yan sojojin takarda kowace Asabar. Ana buga hoton soja a takarda, a yanke shi da almakashi, a ninke, a manna ƙafarsa a kan murfin kwalba don ya tsaya. Da tef ɗin tela ake auna tafiyarsa, da ɗan ludo kuma ake sanin ko ya harbi abokin gaba ko shi aka harba. Manyan mutane ne masu iyali ke wannan wasa, kuma babu wanda a cikinsu yake jin kunya.

Marigayin ba ɗan kowa ba ne. Kwalin firij aka haife shi, an jingine shi a lungu ana jiran mai shara, sai idon Mai Agogo ya faɗa kansa. Daga ranar mutumin ya daina hira da iyalinsa. Ya ɗauki reza da rula ya yanka ganuwa. Ya bi ta da bayan biro yana zana duwatsu ɗaya bayan ɗaya, har sai da yatsansa ya yi kanta. Hasumiyoyin daga bututun da ake naɗe kafet suka fito. Ya kwaɓa fenti da yashi ya shafe su, har baƙo kan ƙwanƙwasa ya ji ko dutsen gaske ne. Gadar ƙofa kuwa da kayan cikin wani agogon bango ya haɗa ta, agogon da mai shi ya kawo gyara bai dawo ba. In aka murɗa makulli sai ta ɗaga a hankali tana cewa ƙirrr, ta rufe da tas. Mai Agogo ya ce a duk rayuwarsa ba a taɓa gaya masa magana mai daɗin wannan ba, kuma ya faɗi haka ne a gaban matarsa.

Gagarau ya kasance mai haƙuri. Kyanwar gida ta haihu a hasumiyarsa ta gabas bai ce uffan ba. An zubar masa da shayi a ganuwa ya shanye bai kai ƙara ba. Ya riƙe amanar rimot ɗin talabijin a lokutan da yara ke faɗa a kansa. Mafi girman halayensa kuma shi ne wanda ya samo masa suna: tun da aka kafa shi babu rundunar da ta taɓa shiga cikinsa.

Wanda ya fi kowa sanin haka shi ne ƙanin matar Mai Agogo, direban motar 'yan makaranta, wanda ya naɗa wa kansa sunan Janar ba tare da kowa ya roƙe shi ba. Kowace Asabar Janar kan zo da sojojinsa a cikin gwangwanin biskit, ya jera su, ya jingina tsanin tsinken sakace a ganuwa, ya hura wa ɗan ludo iska, ya jefa. Kowace Asabar kuma yakan kwashe gawarwakin takarda ya mayar gwangwani, ya ce hasken falon ne ba shi da kyau.

In za a faɗi gaskiya, kuma sanarwar mutuwa wurin faɗin gaskiya ne, marigayin yana da aibi guda. A kan teburin cin abinci yake zaune, kuma ba ya tashi. Shekara da shekaru mutanen gidan a kan cinya suke cin abinci. Maman yara, mai teburin, wadda da shi ta zo gidan, ta yi magana a hankali, ta yi da ƙarfi. Daga ƙarshe ta kira ƙaninta suka ƙulle a kicin.

Asabar ɗin da ta wuce Janar ya fito daga kicin ɗin yana goge baki, ya tsaya a kan Mai Agogo.

"Mijin Yaya, mu yi ta ta ƙare. Mako mai zuwa in na shiga birnin nan, yaƙi ya tashi daga gidan nan ya koma gidana, a kan teburina, Yaya ta samu nata. In na kasa, ba za ta ƙara ambatar tebur ba."

Maman yara ta leƙo ta ce, "Da bakina na yarda."

Mai Agogo ya dubi ganuwarsa, ya dubi Janar, ya yi dariya har da tari, ya miƙa hannu.

Daga nan ajali ya fara kiran marigayin. Mai Agogo ya kwana biyu yana tunani, sai tsoro ya ɗan shige shi, don ya lura Janar ya yanko sababbin sojoji masu dogon tsani. Ya yanke shawarar yi wa birni gwalalo, wato ramin ruwan da ke zagaye ganuwa. A ƙa'idar wasan, shuɗiyar takarda ta isa a kira ta ruwa. Amma da Janar ya ji labari a waya sai ya ce shi sojansa ba ya tsoron takarda, ai ɗan'uwanta ne, zai taka ya wuce. Wannan magana ta tsaya wa Mai Agogo a wuya. Ya ce to, bari ya ga sojan takardar da zai taka ruwan gaske.

Ya gina kwalbati na kwali kewaye da ganuwa, ya shimfiɗa leda a ciki, ya liƙe bakinta tsaf. Aikin ya yi kyau, kuma da ya tsaya nan da yanzu ba a rubuta wannan sanarwa ba. Sai dai mai irin wannan sana'a ba ya iya barin abu ya tsaya a kyau kawai, sai ya yi kama da gaske. Ya tuna cewa gwalalon gaske akan kafa masa itatuwa masu tsini a ƙasa don mai faɗawa. Ya feƙe tsinken sakace cike da hannu, ya bi ƙasan ramin yana cakawa a jere, kowanne ta cikin ledar. Ya ja da baya ya yaba wa kansa. Sannan ya ɗauko buta ya cika ramin.

Ruwan ya tsaya cak yana ƙyalli, hasumiyoyi na kallon fuskarsu a ciki. Mai Agogo ya ɗauki hoto ya tura wa Janar.

Washegari da safe ya tarar rami a bushe, marigayi kuma ya ƙoshi. Ganuwar kudu ta kumbura kamar kumatun mai ciwon haƙori. Fenti ya yi ƙuraje. Hasumiyar yamma ta rusuna tana gaishe da ƙasa. Kwali ya fara rabuwa fallen-fallen, duwatsun da aka zana da biro suna salewa. Ya murɗa makullin gada. Ta ɗaga rabi, ta ce ƙirr a shaƙe, sannan ta faɗi laƙwas. Wannan ce kalmarsa ta ƙarshe.

Ba a yi sakaci da jinya ba, kowa shaida ne. An tallafe ganuwa da littattafan yara. An yi masa gashi da dutsen guga ta bayan tawul. An hura masa na'urar busar da gashin Maman yara har ta yi ƙauri ta mutu, ita ma ana roƙon a saka ta cikin addu'a. Da abin ya faskara, Mai Agogo ya ce babu likita irin rana. Ranar Alhamis ya sa aka kama masa, aka zame birni daga tebur a karo na farko tun haihuwarsa, aka karkata shi ta ƙofa, aka kwantar da shi a bakin get inda rana ke duka sosai. Yana tsaye a kansa yana kora ƙuda sai aka kira shi daga shago, wai wani ya zo karɓar agogonsa yana ta faɗa. Ya leƙa ciki ya ce, "Maman yara, ki sa mini ido a kansa." Ta ce idonta biyu.

Da ya dawo babu kowa a bakin get sai danshi mai kusurwa huɗu a kan siminti.

Abin da bincike ya tabbatar shi ne, wani mai tura kura yana tsintar kwali ya biyo layin. Ya ga marigayi, ya yi sallama, ya tambaya ko kayan nan na wani ne. Maman yara, wadda ba ta taɓa ƙarya ba tun da aka san ta, ta ce masa, "Ni dai ba nawa ba ne." Ta koma ciki duba tukunya.

Mai Agogo bai tsaya neman takalmi ba. Da silifas ɗin wanka ya tare mai mashin ya hau. Mai shago a kwana ya ce kura ta yi hagu. Mai wankin mota ya ce ya ga hasumiya na leƙe ta saman kaya, ta yi gangaren gada. A hanya suka tsinci tutar birnin a cikin kwata, gaba kaɗan suka tsinci ƙofa. Suka ci gaba da bin sassan jikinsa har filin da ake tara kwali ana ɗaurewa. A can ya same shi, a shimfiɗe, an ninke shi biyu, an ɗaure shi da igiya tsakanin kwalin taliya da na sabulu.

Mai kurar mutumin kirki ne. Da ya ga halin da baƙonsa ke ciki sai ya kwance igiyar da kansa, ya ce, "Maigida, ka yi haƙuri, ban sani ba. Amma wallahi kwalin nan taurin kai gare shi. Jiƙaƙƙe ne fa, amma sai da na hau shi da ƙafa biyu ina tsalle kafin ya kwanta."

Mai Agogo yana so duniya ta riƙe wannan shaida. Ko a gadon mutuwa Gagarau bai buɗe wa kowa ƙofa ba.

Da wannan hujja ya dawo gida da gawa a kai, ya tarar Janar ya riga shi isowa, yana zaune da fuskar ta'aziyya da ba ta zauna masa daidai ba. Mai Agogo ya ce yarjejeniya ta ce in Janar ya shiga birni. Janar bai shiga ba. Ruwa ne ya shiga, sai mai kura. Janar ya ce shi ya jawo ruwan da bakinsa, kuma janar na gaske ba sai ya taɓa ganuwa ba. Murya ta fara tashi. Maman yara ta fito da tsumma, ta goge teburinta tun daga wannan kusurwa har waccan, ta shimfiɗa masa mayafi mai furanni, ta ce, "Ni ban san dokar wasanku ba. Na dai san birni ba ya kan tebur." Ta jera faranti.

A kan tebur Mai Agogo ya ci abinci ranar. Yana baƙin cikin sanar da cewa bayansa bai yi ciwo ba.

Marigayin ya bar hasumiya ɗaya mai ɗan sauran numfashi, da gada wadda ba ta magana, da rundunar maharban takarda masu tsaron ganuwarsa, marayu da yanzu ke kwana a kwalin takalmi. Ya bar kyanwa da 'ya'yanta ba muhalli. Ya bar rabin robar gam, da reza uku, da tsinken sakace masu yawa waɗanda maigidan ba ya son ganinsu. Ya kuma bar Mai Agogo, wanda har yanzu in ya wuce falo yakan kauce wa kusurwar da babu ita.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da hantsi. Tunda hukunci ya tabbata cewa yaƙi ya koma gidan Janar, can za a kai marigayi, a cikin motar 'yan makaranta, maharba na biye a kwalinsu. Za a shimfiɗa shi a kan teburin cin abincin gidan, inda zai ci gaba da aiki a matsayin kango, don Mai Agogo ya duba ƙa'ida ya ga soja na iya ɓuya a kango ya yi harbi. Ba a buƙatar kuka. Mai son nuna alhini ya zo da kwali, babba ko ƙarami, busasshe, ya sauke a falon Janar, saboda za a fara ginin sabon birni nan take, kuma wannan karon da kasuwa da unguwanni.

Janar ya roƙi alfarma guda, cewa kada kowa ya yi wa matarsa zancen tukuna, don har yanzu ba ta san mijinta ya yi nasara ba, ba ta kuma san da teburinta ya yi alkawari ba. Mai Agogo ya ji wannan roƙo da kunnen basira. Sai dai bai dace mai masaukin gawa ta ji mutuwa a bakin mutanen waje ba, shi ya sa ita aka fara tura wa wannan sanarwa.